Mai da tsohuwa yarinya: yadda jakunkunan fata na gwanjo ke sake rayuwa

Tun kafin rana ta fara dukan kwanon rumfuna aka yi dafifi a wani lungun 'yan gwanjo da ke kasuwar Ƙofar Wambai a Kano. Ranar fasa dila ce. Mai kaya ya durƙusa ya datse igiyoyi da wuƙa, dilar ta saki jiki, jakunkuna suka zubo kan shimfiɗa: baƙaƙe, jajaye, masu ruwan ƙasa, wasu a lanƙwashe, wasu a yamutse saboda matsi.

Warin nan na gwanjo da ba ya ɓuya ya tashi, hannuwa suka yi ca.

"Hajiya, a hankali, kowa zai samu!"

"Anti, wannan lamba ɗaya ce, taɓa ki ji."

Yawancin hannuwan masu ƙyalli suka nufa, masu sarƙa ruwan gwal da babban tambari a gaba. Wata mata kuwa daga gefe ta jawo wata koɗaɗɗiya mai ruwan ƙasa, gindinta duk fumfuna, hannunta ɗaya ya kusa cirewa. Ta buɗe ta sansana, ta shafa bayan maratayin da babban yatsa, ta matsa jikin jakar ta saki. Ba ta tsaya dogon ciniki ba. Da aka ce an sallama, ta biya ta tafi.

Wasu na mata kallon wadda aka cuta. Ita kuwa ta san cewa a duk tulin nan, jakar da ta ɗauka na cikin 'yan kaɗan da aka yi da fata ta gaske. Masu ƙyallin nan da yawansu ba za su ga Sallah biyu ba. Wannan koɗaɗɗiyar, in ta samu hannun da ya iya, za ta iya yin wasu shekaru goma a kafaɗa.

Doguwar hanya kafin Wambai

Jakar gwanjo ta sha tafiya kafin ta iso. Asalinta mutanen Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai ne ke kai kayan da suka gaji da su shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da Goodwill da Salvation Army. Kaso kaɗan ake sayarwa a shagunan. Ragowar sai a sayar wa kamfanonin da ke tantancewa, su ware mai kyau da mai dama-dama, su matse a dila mai nauyin kilo 45 zuwa 55, wata ma ta kai 100, a loda a jirgin ruwa. A 'yan shekarun nan Sin ma ta shiga sahun manyan masu fitar da irin waɗannan kaya.

A Najeriya, tufafin gwanjo na cikin kayan da dokar kwastan ta daɗe da hana shigowa da su, jakunkuna da takalma ma sun daɗe a jerin haramtattu. Amma kasuwa ba ta jira doka ba. Kaya kan sauka a Kwatano ko Lome, su biyo ta kan iyaka, su bazu: Katangua a Legas, Kasuwar Barci a Kaduna, Taminus a Jos, Wambai da Sabon Gari a Kano. Ko rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 bai kashe sana'ar ba, tsada kawai ya ƙara mata.

A Kudu ana ce wa kayan okirika. A Ghana kuwa sunan da aka laƙaba musu na nufin Bature ya mutu, don mutane sun ɗauka ba mai rabuwa da kaya masu kyau haka sai mamaci. Mu ma nan an daɗe ana yi wa gwanjo gorin kayan matattu.

Abin da ya kora mata gwanjo

Wancan gorin ya yi sanyi, kuma aljihu ne ya sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a watan da ya biyo baya, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta zarce kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Sabuwar jakar fata ta waje ta fi ƙarfin ma'aikaciya, balle ɗaliba.

Sai dalili na biyu, wanda duk mai riƙe jaka ta sani. Sababbin jakunkuna masu araha da suka cika shaguna ba sa jimiri. Wata shida, shekara ɗaya, sai ki ga jaka ta fara saɓa kamar maciji, ɓarɓashi na maƙale wa mayafi a tsakiyar biki. Wadda ta sha wannan kunyar sau biyu ba sai an gaya mata araha ba ta ado ba.

Na uku shi ne waya. Yanzu akwai mata da 'yan mata da sana'arsu ke nan: su yi sammakon fasa dila, su tsinto masu kyau, su goge, su cusa takarda jaka ta miƙe, su ɗauki hoto a wuri mai haske, su ɗora a Instagram da TikTok da WhatsApp. Gwanjo ya tashi daga abin ɓoyewa ya zama abin nuna iya zaɓe. Sai dai tsakanin tsinta da ɗorawa akwai aiki, kuma a nan ne ake asara ko a ci riba.

Fata ce ko leda?

Harshenmu da kansa ya tona asirin lamarin. Kalmar leda daga sunan fata a Turanci aka aro ta, amma a bakin Bahaushe ta koma sunan roba. Haka ma a kasuwa: da yawan abin da ake kira fata yadi ne aka shafe shi da roba, aka buga masa zanen fata da injin.

Irin wannan robar, zafi da laima ne ajalinta. Sannu a hankali takan ruɓe daga ciki, ta yi danƙo ko ta tsattsage, ko ana amfani da ita ko tana ajiye. In ta fara ɓarewa, ba mai ko gam ɗin da zai tsai da ita. Akwai kuma wadda ake yi da niƙaƙƙen ragowar fata a haɗa da gam, ita ma ƙarshenta ɗaya ne. Don haka rubutun "genuine leather" ko "vera pelle" a cikin jaka ba ya wadatarwa, kowa na iya buga shi.

Masu ido sukan duba abu huɗu. Su sansana, don fata na da ƙamshinta, roba kuwa warin sinadari take yi. Su nemi inda bayan fatar ya fito, kamar ƙarƙashin marataya ko bakin aljihu: na fata gashi-gashi ne mai laushi, na roba saƙar yadi ce ko soso. Su ƙura wa ƙofofin gashi ido: na dabba ba sa jeruwa daidai, na injin kuwa zane ɗaya ne ke ta maimaituwa. Sannan su danna da yatsa: fata kan yi 'yan tamoji kamar fatar mutum ta koma, roba sai dai ta loɓa.

Wasu masu sayarwa kan ƙyasta ashana don su nuna kayansu ba roba ba ne. Ba a buƙatar wannan, don wuta na iya ƙona fentin da ke saman fatar gaske ma. Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki: shahararriyar jakar nan mai ruwan ƙasa da haruffa ta Louis Vuitton, ko ta asali ce, jikinta ba fata ba ne, zane ne mai kauri da aka shafe. Hannuwa da gefuna ne fata.

Garin gyaran gira

Ni ma da kaina na biya kuɗin makaranta a darasin gyaran jakar fata. Shekarun baya na tsinci wata jaka ruwan zuma, fata mai kauri, ɗinkinta tsaf. Na dawo gida da murna, amma warin ya hana ni sakat. Sai na yi mata abin da nake yi wa kowane kayan gwanjo: na jiƙa ta a bokiti da garin sabulun wanki da ruwan ɗumi, na cuɗe, na ɗauraye, na shanya a igiya da tsakar rana a watan Maris.

Da la'asar na sauko da wani abu mai kama da kilishi. Ta ƙanƙance, ta sandare, ruwan zuman ya koma dabbare-dabbare, bakin murfin ya tsage da na yi ƙoƙarin lanƙwasa shi. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Wata maƙwabciya ce ta ce in kai ta Kurmi wajen dukawa kafin in jefar. Na sami wani dattijo zaune kan buzu, gilashi a karan hanci, basilla a hannu. Ya juya jakar gaba da baya, ya lanƙwasa gefenta kusa da kunnensa kamar mai sauraron wani abu.

"'Yata, da me kika wanke ta?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai, ya tambaye ni ko ni zan yarda a yi mini wanka da sabulun wankin kaya, a tsai da ni a rana wuni guda, a kuma hana ni mai. Na ce a'a, Baba. Ya ce to ita ma fata ce.

Wannan maganar ita ce ilimin gaba ɗaya. Fata saƙa ce ta siraran zaruruwa da suka sarƙe da juna. Jima ke hana su ruɓewa, man da majemi ya sa ke ba su damar zamewa a kan juna in an lanƙwasa. Sabulu mai ƙarfi na wanke man, rana da zafi su ƙarasa, sai zaruruwan su manne su karye. Ƙari a kan haka, jemammiyar fata ɗan tsami-tsami take so, shi ya sa kanwa da bilic da sabulun wanki ke cinye ta.

A rumfar baduku

Kwana biyar jakata ta yi a wajensa, na kuma riƙa leƙawa. Abin da na gani, daga baya na fahimci shi ne tsarin da masu gyaran jaka ke bi a ko'ina, kayan aiki ne kawai ke bambanta.

Da farko ba ruwa. Ana zazzage jaka, a fito da shafin ciki waje kamar aljihun wando, a kakkaɓe. Abin da ke fitowa daga kusurwar jakar gwanjo tarihi ne: tsabar kuɗin wata ƙasa, tikitin jirgin ƙasa, busasshen cingam, murfin jan-baki. Sai a bi jikinta da buroshi mai laushi, musamman layin ɗinki inda ƙura ke kwanciya. In aka sa ruwa kafin wannan, ƙura ta zama taɓo ta shige cikin fata.

Sai gwaji. Duk abin da za a shafa, sabulu ne ko mai ko rini, ana fara ɗiga shi a ɓoyayyen wuri, ƙarƙashin gindi ko cikin murfi, a jira a ga ko launi zai zuba ko zai yi duhu.

Sannan wanki, wanda a gaskiya shafa ce. Farin tsumma mai laushi, a tsoma a ruwa a matse shi sosai, a ɗan taɓa sabulu marar ƙarfi irin na jarirai ko wanda aka yi don fata. Kumfar ake so, ba ruwan ba. A bi fuska ɗaya gaba ɗayanta daga ɗinki zuwa ɗinki, don in aka goge tsakiya kawai, ruwa zai bar zobe. A bi da wani tsumman mai tsabta a kwashe sabulun. Shafin ciki in na yadi ne, ana iya wanke shi da buroshin haƙori da kumfa yana waje, ba tare da ruwa ya taɓa fatar ba.

Bushewa a inuwa ce, inda iska ke ratsawa, kwana ɗaya ko biyu. Tun da ɗanyenta ake cusa mata tsofaffin tsummoki ko farar takarda don ta bushe a kan siffarta. Jarida ba ta dace ba, tawadarta na kama shafi.

In launi ya koɗe, a nan ake sa rini, siriri-siriri, hawa biyu ko uku, kowane a bari ya bushe. Man takalmi ba rini ba ne. Yana sa ƙyalli na kwana ɗaya, sannan ya kwashe a jikin farin leshi ranar ɗaurin aure.

Sai mai, wanda shi ne ran aikin. Dattijon nan man kaɗanya ya narka da ɗan kakin zuma. Ya laƙato abin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ya murza a tafinsa har ya yi ɗumi, ya bi jikin jakar yana zagayawa da yatsu, yana lanƙwasa fatar a hankali kamar mai tausa. Ya ajiye ta ta kwana. Washegari ya sake. A rana ta uku, wurin da ya yi kamar kilishi ya fara bin hannu. A shaguna akwai man fata na kwalba da ake yi da man gashin tumaki ko kakin zuma, aikinsu ɗaya ne. Sharaɗin shi ne kaɗan-kaɗan, don mai in ya yi yawa jaka ta yi danƙo ta riƙa kama ƙura. Kuma kusan kowane mai na sa fata mai haske ta ƙara duhu.

Tsagar murfin kuwa, ya manna mata siririyar fatar akuya ta ciki, ya ɗinke da zare mai kaki da allura biyu, yana bin tsofaffin ramukan ɗinki don kada ya huda sababbi su raunana wurin. Ƙarafunan ya sakace koren dattin da ke taruwa a jikin tagulla da tsinke, ya goga wa zif kyandir har ya riƙa tafiya sumul.

Wari, tabo da fumfuna

Wari ne ya fi korar mata, kuma shi ne ya fi jawo ɓarna. Yakan fito daga maganin da ake fesa wa kaya kafin a ɗaure dila, da daɗewa a matse cikin kwantena. Maganinsa haƙuri: a buɗe jaka a inuwa kwanaki, a ƙulle gawayi a tsohuwar safa a jefa ciki, a riƙa sauyawa. Fesa turare ba ya kashe wari, haɗuwa suke yi, kuma sifirit ɗin da ke cikinsa na cin launi. Ɗora jaka a kan kaskon turaren wuta ma zafin na busar da ita.

Fumfuna a waje ake kakkaɓe ta, ba a ɗaki ba, da takunkumi a fuska, musamman ga mai asma. Sai a haɗa ruwan kal da ruwa daidai wa daida, a shafa da tsumma, a bari ta bushe sosai kafin a sa mai. In aka sa mai a kan fumfunar da ba ta mutu ba, abinci aka ba ta.

Tabon maiƙo kan ragu in aka barbaɗa masa garin sitaci ko hodar jarirai ya kwana. Tawadar biro ita ce mai taurin kai: sifirit na iya ɗauke ta, amma yakan tafi da launin jakar, don haka gara a bar wa gwani ko a haƙura da ita. Kananzir da fetur da ruwan goge farce, waɗanda wasu ke rantsewa da su, sun kashe jakunkuna fiye da yadda suka ceta.

Fata mai gashi-gashi irin ta wasu takalma kuwa ba ta son ruwa, ba ta son mai. Buroshi da magogin fensir ne abokanta.

Akwai kuma bidiyoyin da ke yawo na mata a Amurka suna dulmiya tsofaffin jakunkunan Coach cikin ruwan sabulu. Gaskiya ne ana yi, amma da wata irin fata ce mai kauri ta tsofaffin samfuran kamfanin, waɗanda ba su da shafi ko kwali a ciki. Yawancin jakunkunan zamani akwai kwali da gam a cikinsu. In sun sha ruwa, sun tafi ke nan.

Ɗigo uku-uku

Akwai abin da mai saye Musulma kan so ta sani. Wasu jakunkuna da takalman waje da fatar alade ake yi musu shafi, don tana da araha da laushi. Gane ta ba wuya: ƙofofin gashinta manya ne, kuma a tare suke uku-uku, kamar duwatsun murhu.

Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin fatar dabbar da ba a yanka ba bayan an jeme ta, amma mafi yawansu sun cire ta alade daga cikin rangwamen. Wadda abin ya dama, ta duba kafin ta biya. In kuwa jakar ta riga ta shiga rai, baduku na iya farke shafin ya sa na yadi ko na fatar tunkiya.

Masu dariya da masu kuka

Ga ɗan gwanjo, jaka kaya ce mai sa'a da rashin sa'a. Yana sayen dila ne a rufe. In Allah ya taimaka aka samu 'yan lamba ɗaya, su ne za su fitar da uwar kuɗi. In aka samu tarin roba da ta ɓare tun a hanya, sai a zube a ƙasa a karya farashi, ragowar kuma bola.

Wannan bolar ita ce kukan masu kula da muhalli. A kasuwar Kantamanto ta Accra, wadda gobara ta cinye mafi yawanta a Janairun 2025, masu bibiyar lamarin sun ƙiyasta cewa kimanin kaya miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarewa a shara. Su a ganinsu, ƙasashe masu arziki na juye mana bolarsu da sunan kasuwanci. Ruwanda ta tsaya kai da fata wajen tsauwala wa gwanjo haraji, har Amurka ta janye wa tufafinta rangwamen shiga kasuwa a 2018.

Dukawa da masu ƙananan masana'antun jaka da takalmi nasu kukan daban ne. Suna tsakanin wuta biyu: robar Sin mai araha ta gaba, gwanjo ta baya. Mai saye za ta ja ciniki da su har rai ya ɓaci, ta je ta biya ninkin haka a kan tsohuwar jaka don kawai tambarin waje.

Masu saye kuma na da amsa. Sukan ce fatar gida ba ta da na biyu, amma sau da yawa zif da maɓalli ne ke ba da kunya, wani lokaci rini na zuba, ko warin jima bai gama fita ba. Magana ce mai ɗaci, amma akwai gaskiya a cikinta.

Tamu ce ta je ta dawo

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne inda wannan ciniki ke gudana. Ba nisa da 'yan gwanjon Wambai akwai majema, inda har yau ake tsoma fata a ruwan bagaruwa kamar yadda kakanni suka yi. Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da kayan dukawa aka san ta. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, Turawa suka saye ta a can suka sa mata sunan Maroko, suka riƙa yi wa manyan littattafai bango da ita. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, jemammun fatu da takalma na cikin hajojin da ya ga ana fitarwa.

Dukawa na da iliminsu na launi tun kafin kwalba: karan dafi don ja, gangamau don rawaya, baƙi kuma daga ruwan tsohon ƙarfe. Wannan na ƙarshen darasi ne ga mai jaka: fatar da aka jeme da bagaruwa ko ɓawon itace, in ƙarfe mai tsatsa ya taɓa ta da laima, baƙin tabon ba ya fita.

A yau mafi yawan fatun duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari, da sinadarin kurom ake jeme su, kuma shi masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ke amfani da shi. Da yawansu sun rufe saboda matsalar lantarki da tsadar aiki. Waɗanda suka rage, mafi yawan fatun awaki da tumakin da suke sarrafawa waje ake kai su, Italiya da Sifen da wasunsu, inda ake mai da su jaka da takalmi. Ba abin mamaki ba ne a ce wata jakar da ke kwance a dilar Wambai, akuyar da ta ba da fatarta a Arewa ta yi kiwo. Mun sayar da ita da araha, wata ta more ƙuruciyarta, muka sake sayen tsufanta.

Sana'ar da ke jiran masu ita

A can inda kayan ke fitowa, gyara ya zama kasuwa mai zaman kanta. Coach ya fara karɓar tsofaffin jakunkunansa yana gyarawa yana sake sayarwa tun 2021. Faransa kuwa a ƙarshen 2023 ta fara rage wa mutane kuɗin gyaran tufafi da takalma don su daina jefarwa.

Mu nan ba mu rasa hannu ba. Muna da dukawa, muna da 'yan shushaina a kowace kwana, muna da cibiyar nazarin kimiyyar fata ta ƙasa a Samarun Zariya. Abin da ya ɓace shi ne gada. Yarinyar da ke sayar da jaka a waya ba ta san hanyar Kurmi ba, baduku kuma bai san ana nemansa ba. Ita tana ɓata kaya da man takalmi, shi yana zaune yana jiran mai sayen tabarmar fata ko kube.

Jakata dai ta dawo, ko da yake ba ruwan zuma ba ce kuma, ta koma ruwan dabino, kuma in ka ɗaga murfin za ka ga layin ɗinkin Baba. Da zan tafi ya ba ni sharuɗɗa huɗu: kada in ɗaure ta a leda, sai dai a rigar filo, kada in rataye ta da kaya a ciki, in kuma shafa mata mai sau biyu a shekara, da shigowar hunturu da fitarsa, da damina kuwa in riƙa fito da ita tana shan iska.

Na tambaye shi wa ke koyon wannan aiki a wajensa. Ya nuna mini wani ɗan ƙaramin buzu a gefensa, babu kowa a kai. Yaron ya koma tuƙin A-Daidaita-Sahu.

A Wambai kuwa gobe ma za a fasa wata dilar, kuma a ƙarƙashin masu ƙyalli za a sami wata koɗaɗɗiya mai fumfuna a gindi.